Masu Isar da Saƙo Lafiya: Ma'aikatan Karaye da Rogo da Karatun Sadarwa ta Intanet

Takarda ɗaya takan fito daga ofishin wata hukuma a birnin Kano ranar Litinin, a ce an sauya ranar rigakafi, ko an ɗage rabon taki, ko za a tantance ma'aikata. Kafin abin da ke cikinta ya kai kunnen mai jego a Zoza, ko manomin da ke jiran taki a Turawa, sai ya bi ta hannaye da bakuna masu yawa. Daga shugaban sashe a sakatariya ya gangaro wurin jami'in da ke kula da mazaɓa, daga nan ya je wa mai kula da asibitin ƙauye ko malamin gona, sannan dagaci, mai unguwa, liman bayan sallar magariba, da mai shela. A hanya Turanci ya koma Hausa, Hausar ofis ta koma ta bakin kasuwa, a rugage kuma ta koma Fillanci. Duk wanda ya taɓa ban-ruwa a fadama ya san ruwan da ya baro bakin inji ba shi ne ke isa ƙarshen lambu ba: ƙasa ta sha wani, wani ya ɓalle ta inda hanya ta karye. Saƙon gwamnati ma haka yake. Saboda haka duk ranar da na ga ya isa yadda aka aiko shi, nakan so in san wanda ya tsaya a tsakiya ya yi aikin.

Galibi ba shugaban wurin ba ne. Wani mataimaki ne, ko sakataren kwamiti, ko wata ma'aikaciyar jinya da ta daɗe a garin. Shi ne zai karanta takardar sau biyu, ya gane cewa sakin layi na uku ne zai jawo rigima, ya buga waya Kano ya tambayi abin da ake nufi tun kafin ya tura wa kowa. Ya san wanda rubutu ya wadatar masa, ya san wanda sai an taka har gida an gaishe shi tukuna. Ya san idan mai unguwa ya riga dagacinsa jin magana, aikin ya ɓaci tun ba a fara ba. Ba a yi wa irinsa kirari, domin idan ya yi aikinsa daidai babu abin da ke faruwa. Ba a taru a ƙofar sakatariya ana hayaniya ba, mata ba su yi sammakon banza da goyo ba. Amma a ganina, in ka ɗauke gaskiya da riƙon amana, babu gwanintar da ma'aikata ke buƙata kamar tasa.

Da can abin da ake cewa kawai shi ne Allah ya ba wane iya magana da mutane. Baiwar tana nan, ba wanda ya musa. Sai dai tuni abin ya zama fannin ilimi mai zaman kansa, wato sadarwa a cikin ma'aikata, ana karanta shi har digiri na biyu da na uku. Tun a 1938 wani shugaban kamfanin tarho a Amurka, Chester Barnard, ya rubuta littafi a kan aikin shugabanni, inda ya sa samar da hanyar sadarwa a sahun gaba cikin ayyukan duk mai jan ragamar ma'aikata. Daga baya Charles Redding na Jami'ar Purdue ya tattara fannin ya yaye ɗalibai, har ake kiransa ubansa. A Amurka akwai jami'o'in da ke ba da digiri na biyu a sadarwa kacokan ta intanet, Purdue ɗin ma tana ciki, amma da dala ake biya, kuma albashin ƙaramar hukuma ba ya kai mutum can. A nan gida darasin yana zuwa ne a cikin wasu digirori: aikin jarida da sadarwa, hulɗa da jama'a, mulki da gudanarwa, ko harkar kasuwanci. Ta waɗannan ƙofofin ma'aikacin Karaye ko Rogo yake shiga.

Me ya sa ta intanet? Dubi ƙasa. Dam ɗin Challawa da ke Karaye, wanda aka kammala a 1992, yana da nisan kusan kilomita 90 daga birnin Kano, Rogo kuwa ta ƙara nisa, tana can kan iyaka da jihohin Kaduna da Katsina, inda mutum yakan ji Zariya ta Makarfi ta fi masa kusa da zuciya. Jami'ar Bayero tana da Tsangayar Sadarwa sukutum, sabon mazauninta ma a kan titin Gwarzo yake, wato ɓangarenmu, amma zuwa da dawowa kowane mako tun bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 sai mai ƙarfi. Hutun ƙaro ilimi ba kowa ake ba ba. Ga iyali, ga gona da damina, ga wurin aikin da in mutum ɗaya ya tafi sai a rufe ƙofa. Ga mace ma'aikaciya abin ya ninka, don barin gida kwana biyu a mako magana ce babba. Wayar hannu ita ta warware wa da yawa wannan ƙulli.

Karatu daga nesa dai ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Iyaye da kakanni sun yi shi ta gidan waya, makarantu irin su Wolsey Hall da Rapid Results suna aiko darasi daga Ingila a ambulan, a amsa a mayar, a jira makonni. Ta haka Obafemi Awolowo ya sami digirin Jami'ar Landan a fannin kasuwanci a 1944 yana zaune a Nijeriya. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, NTI, wadda aka kafa a 1976, ta ɗaga darajar ɗimbin malaman firamare ba tare da sun bar ajinsu ba, kuma da wuya ka rasa wanda ya bi ta hannunta a makarantun yankin nan. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, an kafa ta a 1983 zamanin Shagari, sojoji suka dakatar da ita a 1984, gwamnatin Obasanjo ta farfaɗo da ita ta fara aiki a 2002. Daga 2016 zuwa 2021 ɗan Kano ne ya shugabance ta, Farfesa Abdalla Uba Adamu, wanda shi kansa masanin sadarwa da al'adu ne. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma tana da cibiyar karatu daga nesa da ke ba da digiri na biyu ta intanet, musamman a harkar kasuwanci da gudanarwa.

Shi kansa yin karatun gwaninta ce, kuma na jinjina wa masu yinsa. Ɗalibin da ke cikin birni yana da laburare da aboki a kujerar gefe. Na Rogo yana da waya mai tsagaggen gilashi, da cajin da sai an kai shago ko an roƙi mai sola. Ya san kusurwar da sabis ya fi kamawa a harabar ofis. Ya san tsakar dare data ta fi araha, sai ya sauke littattafan zango gaba ɗaya a lokacin, ya kai shagon kwamfuta a buga masa waɗanda suka fi wuya, a ɗinke. Bayan sallar asuba, kafin yara su tashi, nan ne ajinsa. A tsarin NOUN ayyukan da ake yi a cikin zango suna ɗauke da maki 30, jarrabawar ƙarshe 70, kuma ita jarrabawar sai an je cibiya da ƙafa an zauna. Don haka tun farkon zango yake lissafin kuɗin mota, da wanda zai riƙe masa aiki, da yadda zai nemi izini ba tare da maigidansa ya ɗauka zai gudu ba. Ka ga tun bai buɗe littafi ba ya fara aiki da darasin.

To me ke cikin littafin?

Abu na farko da ke buɗe wa mutum ido shi ne cewa zaɓen hanyar da za a aika saƙo rabin saƙon ne. Wasu masana biyu, Richard Daft da Robert Lengel, sun tsara wannan a 1986. A taƙaice, maganar da ke da harshen damo, ko mai ɗaci, ko wadda za ta haifar da tambayoyi, tana son ido da ido, inda ake ganin fuska, a ji murya, a mayar da amsa nan take. Maganar da ba ta da ruɗani kuwa, kamar ranar taro ko adadin buhuna, rubutu ya fi mata. A ofisoshinmu sau da yawa a juye ake yi. A tara hedimastoci daga Yammedi da Kafin Dafga da Tudun Kaya, kowa ya sha mai a babur, a zaunar da su sa'a uku don a karanta musu takardar da za a iya turawa ta waya. Sannan dattijon malami da ya yi shekara ashirin a makaranta ɗaya ya ga sunansa a allon sanarwa an mayar da shi ƙauye mai nisa, yara 'yan bautar ƙasa sun riga shi gani. Gwani ba ya haka. Zai kira dattijon gefe, a gaisa, a tambayi iyali, ya ce: “Malam, akwai maganar da na ga bai kamata ka ji ta a bakin wani ba.” Takardar za ta biyo baya, ba abin da ya canza a cikinta, amma mutumin da zai tafi sabon wurin ba ɗaya yake da wancan ba.

Saƙon murya na WhatsApp ya zo wa yankinmu daidai, don ya haɗa wanda ya yi boko da wanda bai yi ba a zaure ɗaya. Amma shi ma yana da ƙa'ida. Na ji saƙon minti bakwai da sai a na shida aka ambaci ranar taron. Wanda ya iya yakan yi sallama gajera, ya faɗi rana da wuri da wanda ake nema tun a numfashin farko, ya maimaita ranar a ƙarshe, duka bai cika minti ɗaya ba. Kuma ba ya mantawa cewa murya ba ta shiga fayil. Abin da ba ya cikin fayil, a wurin gwamnati bai faru ba. Sai ya bi muryar da layi uku a rubuce, mai kwanan wata.

Inda gwanin gaskiya yake bayyana shi ne wajen kai magana sama, musamman mummunan labari. Nan ne na fi son a dakata.

An yi mana tarbiyya da kunya da girmama na gaba, kuma abu ne mai kyau, ba na fatan mu rabu da shi. Sai dai yana da kuɗin da ake biya. Babba ya zo zagaye ya ce, “Yaya aiki?” Amsar tana nan a shirye tun kafin ya rufe baki: “Lafiya lau, ranka ya daɗe, komai na tafiya daidai.” A ce firij ɗin ajiye allurar rigakafi ya tsaya a wani ƙaramin asibiti. Yawancin waɗannan allurai ana son su zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8 na ma'aunin zafi, in sun wuce haka na tsawon lokaci sun tashi daga aiki ko da kwalbar tana nan da kyanta. Mai kula da asibitin yana tsoron takardar tuhuma, sai ya gaya wa na sama da shi cewa firij yana ɗan ba da matsala. Shi kuma ya gaya wa shugaban sashe an sami 'yar matsala amma ana ƙoƙari. Kafin maganar ta kai teburin da ke da ikon sayen batir, ta zama an shawo kan komai. Babu wanda ya shara ƙarya tsagwaronta. Kowa dai ya ɗan goge ƙaiƙayin maganar kafin ya miƙa ta gaba, a ƙarshe a yi wa yara allurar da ba ta da amfani.

Kada a ɗauka ciwonmu ne mu kaɗai. Ranar 28 ga Janairun 1986 kumbon Challenger na Amurka ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashinsa, mutum bakwai suka mutu. A daren da ya gabata injiniyoyin kamfanin da ya ƙera rokokinsa sun yi gargaɗin cewa sanyin da ake yi zai iya hana wasu zobban roba toshe inda aka sa su. Kwamitin bincike ya gano cewa wannan jayayya ba ta kai kunnen manyan da suka ba da umarnin ƙarshe ba. Masu digirori ne, ga kwamfutoci, ga tarho a kowane tebur, amma maganar ta narke a kan matakala. Shi ya sa ɗaliban sadarwa suke yawan haɗuwa da wannan labari a darasinsu.

Maganin da ake koyarwa mai sauƙi ne har mutum ya raina shi. Akwai wani tsari da ya samo asali daga sojojin ruwan Amurka masu aiki a jiragen ƙarƙashin teku, asibitoci suka ara a farkon shekarun 2000. Ka faɗi halin da ake ciki, ka faɗi asalinsa, ka faɗi yadda kai kake ganin abin, ka faɗi abin da kake nema. Da Hausa, a bakin wanda ya iya, ga yadda yake fita bayan gaisuwa: “Ranka ya daɗe, firij ɗinmu ya tsaya tun daren jiya. Batirin ne, wanda muka rubuto a kansa kwanakin baya. A yadda nake gani allurar da ke ciki ba za ta kai gobe ba. Ina neman izini in ɗauke ta yanzu a akwatin ƙanƙara in kai asibiti mafi kusa, sannan a taimaka mana da batir.” Dubi abin da ya faru. Ladabi bai ragu da ƙwayar zarra ba. Ba a ɗora wa kowa laifi ba, amma an tuna da takardar baya a cikin rabin jimla. Kuma an miƙa wa babba abin da zai iya cewa “to” a kansa nan take, maimakon a zube masa damuwa a tafi. Ma'aikacin da ya iya wannan, ko yana mataki na shida ne, ya fi wa hukuma amfani a kan mai mataki na goma sha huɗu da bai iya faɗar komai ba sai abin da zai yi wa maigida daɗi.

Ɗaya rabin darasin na shugaba ne, kuma shi ya fi wuyar haɗiya. Duk ranar da ka yi wa wanda ya kawo maka mummunan labari tsawa a gaban mutane, ka rufe ƙofar da kanka. Wasu goma sun gani, sun koyi yin shiru. Shugaban da ya karanta wannan fanni yakan sauya tambayarsa. Ba ya cewa “Komai lafiya?” don ya san amsar. Yakan ce, “Hajiya, a cikin makon nan me ya fi ba ku wahala?” Tambayar ta riga ta ba da izinin a yi ƙorafi.

Sai ji-ta-ji-ta. Wasu masana halayyar ɗan Adam, Gordon Allport da Leo Postman, sun nuna a 1947 cewa abu biyu ne ke hura ta: maganar ta shafi mutane ƙwarai, kuma babu bayani tsayayye a kanta. A ƙaramar hukuma babu abin da ya cika sharuɗɗan nan kamar albashi da tantance ma'aikata. A ce za a kawo takardun ɗaukar aiki ranar Laraba, ba a faɗi dalili ba. Kafin la'asar teburin mai shayi ya gama yanke hukunci: za a rage mutane, har an san adadi. Shugaba mai tsohon tunani yana ganin maganin shi ne ya yi barazana ga masu yaɗawa. Gwani ya san ba a hana mutane cike gurbin da aka bar musu. Sai ya riga su. Ya faɗi abin da aka yanke, ya faɗi abin da ba a kai ga yankewa ba, ya sa ranar da za a sake jin ta bakinsa, kuma ranar ta zo ya cika. Wani masanin, Keith Davis, ya bi sawun irin wannan zance a wani kamfani a 1953, ya ga cewa mutane ƙalilan ne ke ɗaukar labari suna rarraba wa da yawa. Kowace sakatariya tana da nata: wani direba, wani masinja, wata mai share ofis da ke shiga ko'ina. Mai hankali ba ya gaba da su. Yakan tabbatar sun ji sahihin bayani da wuri.

Akwai ƙananan abubuwa da ba sa buƙatar dogon sharhi. Rahoton taro da ba ya nuna wa zai yi me, kuma yaushe, tarihin surutu ne kawai. Takardar miƙa aiki, idan an yi wa jami'i canji daga Karaye zuwa wata ƙaramar hukuma, ita ce bambanci tsakanin magaji ya ɗora daga inda aka tsaya da ya share wata uku yana lalube.

Mutumin Karaye da ke karanta waɗannan abubuwa yakan yi murmushi a wasu shafukan, don ya taɓa ganin su da rawani. Karaye tsohon gari ne mai sarauta, sarkinta yana cikin manyan sarakunan ƙasar Kano da ke zaune a garuruwansu, tare da na Rano da Gaya da Dutse, a zamanin da yawancin hakimai ke zaune a birni suna mulkin ƙasashensu ta hannun jakadu. Jakada kuwa aikinsa kenan: ya ɗauki magana daga fada ya kai ƙauye, ya ɗauko ta ƙauye ya kawo fada, ya san yadda zai faɗi mai ɗaci ba tare da ya rasa kansa ko ya ɓata ubangidansa ba. Tsanin nan na sarki, hakimi, dagaci, mai unguwa ya ga zuwan Turawa da tafiyarsu, ya ga sojoji. Ya ga ɗaga Karaye zuwa masarauta a 2019, da rushe masarautar a Mayun 2024, da dawo da ita a Yulin shekarar a matsayin mai daraja ta biyu da ta ƙunshi Karaye da Rogo, aka naɗa Alhaji Muhammad Maharaz, wanda kafin nan shi ne Hakimin Rogo. Duk sauye-sauyen nan a sama suke. A ƙasa, har gobe in ana son magana ta shiga kowane gida, ta ƙofar mai unguwa take bi.

An ga ƙarfin wannan tsani a batun shan-inna. A 2003 aka dakatar da rigakafin cutar a Kano saboda zargin da ya bazu cewa an gurɓata maganin, ba a dawo ba sai Yulin 2004. Zargin bai faɗo daga sama ba: mutane ba su manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Takardun masana da sanarwar rediyo ba su isa su wanke wannan ba. Abin da ya juya al'amarin shi ne lokacin da saƙon ya koma bakin waɗanda mutane suka yarda da su, musamman bayan kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya matakin farko a 2009, da shigar malamai, da mata 'yan unguwa masu shiga gida-gida su zauna a tabarma su saurari tsoron uwa kafin su buɗe akwati. Yaro na ƙarshe da ƙwayar cutar ta asali ta kama a Jihar Kano a Sumaila yake, a Yulin 2014, kuma a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita.  Tsakanin 2003 da 2014, babban abin da ya canza shi ne mai kawo maganin da yadda yake magana.

To in muna da wannan gado, me ya kai mu littattafan Amurka? Domin tsanin gargajiya ya fi iya saukar da magana a kan hawar da ita. Muryar mace, da ta yaro, da ta baƙo, ba ta cika kaiwa sama yadda take ba, kuma abin da aka faɗa a zaure ba shi da kwafi. Su kuma littattafan an rubuta su ne a kan ofisoshin da ake kiran shugaba da sunansa gatsau, a faɗa masa ya yi kuskure a tsakiyar taro. Wanda ya kwaso wannan ya juye a gaban Yallaɓai a Rogo, ranar zai san bai gama karatu ba. Ɗalibin kirki shi ne mai rairayewa. Ya ɗauki tsarin, ya bar gatsalin. Kuma a nan ne nake ganin mai karatu ta intanet ya fi wanda ya ajiye aiki ya tare a jami'a sa'a. Abin da ya karanta da asuba, ƙarfe goma yana gwada shi a kan mutane na gaske, kafin azahar ya ga inda ya yi da inda ya ƙi. Fannin nan ba a koyonsa a ɗaki rufe.

Haka ma kundin binciken da ake rubutawa a ƙarshe. Wasu suna zuwa su kwafo wani abu a kan bankunan Legas da ba su taɓa shiga ba, a sa hannu a jefa a kabad. Mai basira yakan yi abin da Davis ya yi, amma a gida. Ya ɗauki takarda ɗaya da ta fito daga ofishin sakataren ilimi, ya bi makarantu daga cikin gari har Gwangwan ko Ruwan Bago, yana tambayar kowane malami: ka ji wannan magana? Yaushe? A bakin wa? Me aka ce maka? Abin da zai fito daga wannan zagaye a babur, kwana nawa saƙo ke yi a hanya da kuma matakin da yake lalacewa, ilimi ne da babu shi a kowane littafi, kuma shugaban ƙaramar hukuma zai iya aiki da shi washegari.

Ba na cewa duk mai karatu ta waya gwani ne. Akwai wanda takardar kawai yake nema don ƙarin girma, wani ma yakan biya a yi masa ayyukan zango. Irinsa yakan fito da manyan kalmomin Turanci, ya ƙara wa takardun ofis duhu a kan wanda suke da shi. Akwai kuma makarantun bogi. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya sami digiri daga Kwatano cikin makonni shida, abin da ya sa gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun jami'o'in Benin da Togo a Janairun 2024. Duk mai niyya ya fara tabbatar da cewa Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta amince da makarantar da kuma kwas ɗin kafin ya biya ko sisi. Gane na gaske daga na jabu kuwa ba ya buƙatar duba satifiket. A ba shi takarda mai shafi uku a ce ya gaya wa tsohuwa abin da ke ciki cikin jimla biyu.

Kirana ga shugabannin ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, da masu wakiltar yankin a majalisun jiha da tarayya, ba mai tsada ba ne. A ware ɗaki ɗaya a kowace sakatariya, a sa masa sola da intanet da tebura, a bar shi a buɗe bayan tashi daga aiki da ranakun Asabar, mata su sami sa'o'insu. A rubuta a ƙa'ida cewa ma'aikacin da ya kawo jadawalin jarrabawa daga jami'ar da aka amince da ita za a ba shi kwanakin ba sai ya yi roƙo ba. Sannan duk wanda ya yi bincikensa a kan ma'aikatarsa, a kira shi gaban shugabannin sassa ya karanta abin da ya gano, ko da ba zai yi wa kowa daɗi ba.